Tattabarun Malam Arzika

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, to Malam Arzika ya ɗauki maganar nan ya kai ta inda masu ita ma ba su nufa ba. Tun ranar da aka sa masa lokacin zuwa Kano ganin likitan ƙoda yake ta shiri, amma in ka leƙa ɗakinsa ba za ka ga ko hula ɗaya da ya ninke ya sa a jaka ba. Shirin duk na tattabarunsa ne. Ya sa an auno masa dawa daga kasuwar Shuwarin, ya zauna ya tsince ta da hannunsa, ya zuba a durom ya danne murfin da dutse saboda ɓera. Ya toshe ramin da gafiya ta fara haƙawa a bayan ɗakinsu. Ya sauya kaskon ruwa don tsohon ya fara yoyo. Duk wannan ya yi shi ne da ƙafafun da suka kumbura har takalmi ya daina shigarsu.

Mutumin Taura ne, ya zo Dutse tun lokacin da aka ƙirƙiro jihar, ya yi aikin masinja a sakatariya har ya yi ritaya. Ya gina ɗan gidansa a Limawa, kusa da gindin duwatsu, da dabino ɗaya a tsakar gida. Matarsa Kubura ta rasu shekarun baya, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, gidan ya rage daga shi sai tattabaru. Lokacin da take raye ba ta da abokan faɗa kamarsu, kullum cikin mita take sun ɓata mata shanya. Bayan ta rasu sai ya zamana kukansu ne kaɗai yake sa gidan ya yi kama da gida. Ya san kowacce da halinta. Akwai wani tsohon namiji, toka-toka mai sheƙin wuya, da yake tafiya yana tura ƙirji kamar an ba shi ofis, shi ne ya sa wa suna Darakta. Yakan ce a duk daraktocin da ya yi wa hidima, wannan ne kaɗai yake sauka ya ci a tafin hannunsa.

Wadda za ta zo ta ɗauke shi 'yarsa ce Raihana, malamar makaranta da take aure a Kano. 'Yar fari ce, shi kuwa mutumin da ne, bai taɓa buɗe baki ya faɗi sunanta ba. In zai yi maganarta sai ya ce mutuniyar Kano, in tana gabansa sai ya ce ke. Ita ma haka ta tashi, ba ta haɗa ido da shi, zancensu ba ya wuce gaisuwa da saƙo. Ita ce ta ce masa tafiyar ta mako biyu ce ko uku, a duba shi a ba shi magani ya dawo. Ya karɓi maganar hannu bibbiyu, ya kuma ɗora komai a kanta. A zuciyarsa lissafin mai sauƙi ne, muddin tattabarun nan suna gidan nan suna jiran sa, to gidan yana nan, shi ma zai dawo.

Wanda zai bar wa amanarsu shi ne Muntaka, ɗan wani marigayi abokinsa, direban keke napep da yake zaune a Fagoji da matarsa Sa'adiyya. An yi da shi zai riƙa biyowa safe da yamma. Ranar da ya zo ɗaukar darasi, Malam Arzika ya tsayar da shi a tsakar gida tun hantsi har rana ta fara zafi. Ya nuna masa yadda ake kaɗa dawa a gwangwani kafin a watsa, don ƙarar suka sani. Ya ce ruwa kullum sabo, a jefa 'yar kanwa kaɗan, ba mai yawa ba. Kada a buɗe musu sai gari ya yi haske sosai, domin shahon da ke sauka daga kan duwatsu sammako yake yi. Da yamma kuma kafin a rufe a leƙa kowace tukunyar da suke kwana a ciki, akwai wani muzurun maƙwabta da ba ya tsoron Allah. Muntaka yana ta cewa to Baba, to Baba, amma rabin hankalinsa yana kan wayarsa, kuma ko sau ɗaya bai tambayi komai ba.

Can da ya ga darasin ba shi da niyyar ƙarewa, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, da ka bari na kwashe su zuwa gidana mana. Sa'adiyya tana gida kullum, ai sai sun fi samun kulawa."

Ran tsohon ya ɓaci nan take. Ya ce masa tattabara ba kaza ba ce da za ka ɗauka ka ajiye inda ka ga dama. Sabo turken wawa, ko Haɗeja ka kai ta, ranar da ka buɗe mata za ta riga ka dawowa gida. Hanya ɗaya ce ake zaunar da ita a sabon wuri, sai an fige mata dogayen gashin fiffike yadda ba za ta iya tashi ba.

"Kafin gashin ya fito sun yi ƙwai a gidanka, sun ƙyanƙyashe," in ji shi. "Tattabarar da ta yi 'ya'ya a gida kuwa ta zama ta gidan. Ni in na dawo in tarar da me?"

Muntaka ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri, ya ce shi dai shawara ce ya kawo. Malam Arzika ya ce ya ji, Allah ya yi albarka, amma shawarar ta koma inda ta fito.

A yammacin ranar Raihana ta kira. Bayan gaisuwa ta ce kada ya manta da takardunsa na fansho, ya kuma haɗa da bargonsa da rigunan sanyi. Ana tsakiyar damina ne, dawa ko kai ba ta fitar ba, sanyi kuwa yana can da nisa. Ya buɗe baki zai tambaye ta me zai yi da bargo a tafiyar mako biyu, sai ya fasa. Ya ce wa kansa mata ne da son tarkace, ko unguwa za su je sai sun ɗauki kayan shekara. Ya ce to, ya kashe wayar, ya je ya ƙara duba ko dutsen kan durom ya zauna daidai.

Ana gobe tafiya ya karɓo makullin gidan da ya ba da a yanka masa na biyu. Da zai kira Muntaka ya zo ya karɓa, sai ya ga gara ya kai da kansa, ya yi wa Sa'adiyya sallama, ya kuma roƙe ta ta riƙa tuna wa mijin nata, don bai yarda da wannan to Baba ɗin ba. Ya tari keke ya nufi Fagoji, yana riƙe da ƙarfe duk lokacin da aka faɗa rami saboda bayansa.

Bai sami Muntaka ba, ya fita aiki. Sa'adiyya ta tashi daga kan keken ɗinkinta da murna, ta durƙusa ta gaishe shi, ta shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta tafi kawo ruwa. Yana zama idonsa ya sauka a kusurwar gidan. Wani sabon ɗan ɗaki ne na katako da raga, an rufa shi da kwano, katakon ko launi bai sauya ba, ga ɓurɓushin zarto a ƙasa ruwa bai gama wankewa ba. A ciki an jera tukwane a kan kanta, bakinsu yana kallon waje. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Bai ƙirga ba, ya dai san tukwanen nan daidai suke da nasa na gida.

Da ta dawo da ruwan ya karɓa ya riƙe bai sha ba. Ya ce, yana kallon ɗakin, ashe Muntaka ma kiwo zai fara.

"Ai na naka ne, Baba," in ji Sa'adiyya, da fara'arta. "Anti Raihana ce ta aiko aka sayi katako tun wancan makon. Ya ce in kun tafi zai kwaso su, har ya ce in ajiye masa almakashina zai rage musu fiffike."

Sai da maganar ta gama fita ta dubi fuskarsa, ta gane ta yi ɓaranɓarama. Ta kama gefen mayafinta ta shiga kame-kame, wai ko ita ce ba ta fahimta ba, wai ƙila na ɗan lokaci ne. Malam Arzika ya ce ba komai, Allah ya yi musu albarka, ɗakin ya yi kyau. Ya kurɓi ruwan don kada ta ji kunya, ya dafa bango ya miƙe. Makullin da ya zo kawowa yana aljihunsa har ya fita.

A hanya fushi ne ya fara zuwa. Shi za a mayar yaro? A tsaya a gabansa ana to Baba, alhali an gama yanke shawara a bayansa? Ya ciro waya zai kira Kano, ya mayar. Me zai ce mata? Mutumin da bai taɓa faɗin sunan 'yarsa ba, yau ne zai buɗe baki ya tambaye ta ko mutuwa zai yi? Ita ma ta ina za ta fara gaya masa? Kunyar da ya raine ta da ita, yana alfahari da ita a cikin mutane, ita ce yau ta tsaya a tsakaninsu, kowa ya kasa tsallakawa.

Da ya isa gida la'asar ta yi. Ya yi salla a zaune, ya fito ya kaɗa gwangwani, tattabarun suka sauko daga kan dabino da katanga suka rufe tsakar gidan. Ya zauna a kan turmi yana kallon su, fushin ya sauka a hankali, abin da ya maye gurbinsa ya fi shi nauyi. Ya tuna ranar da suka je asibiti a nan Dutse, yadda likitan ya duba takardar gwaji ya juya harshe zuwa Turanci, yadda Raihana ta kafe ƙasa da ido. Ya ji an ambaci wankin ƙoda, ya kuma san mutanen da suka fara wankin nan, bai san wanda ya gama ya dawo ya ci gaba da harkarsa ba. Jiki magayi, nasa ya daɗe yana gaya masa. Gaskiya ita ce ba a ɓoye masa komai ba, shi ne ya ƙi ji, su kuma suka taya shi.

Ya yi tunanin ya ƙi tafiyar. Gidansa ne, ba wanda zai ɗauke shi dole, in ma ajali ne ya same shi a kan shimfiɗarsa. Tunanin ya yi masa daɗi na ɗan lokaci. Sai kuma ya tambayi kansa, ranar da gari zai waye ya kasa tashi, wa zai buɗe musu? Za su kwana su wuni a kulle ba ruwa, suna dukan raga, shi yana kwance yana ji. Wannan haƙƙin ba zai iya zuwa lahira da shi ba. Ya yi tunanin ya tafi kamar bai ga komai ba, ya bar su da shirinsu, kowa ya tsira da kunyarsa. Amma almakashin nan ya tsaya masa a rai. Gashin da aka fige yana sake fitowa cikin 'yan makonni. Wanda aka yanke kuwa gindinsa yana nan a maƙale, ba sabon da zai fito sai tsuntsu ya zubar da shi da kansa, abin da kan kai kusan shekara. Shekara guda Darakta yana tsalle a ƙasa kamar kwaɗo, a unguwar da bai san muzurunta ba. Ya ji tausayinsu, ya ji tausayin kansa, hawaye suka zubo masa, bai share ba tun da babu mai gani.

Washegari bayan ya dawo daga masallaci bai buɗe musu ba. Gari ya yi haske, suka fara kuka suna turereniya a bakin ƙofa, ya yi kamar bai ji ba. Ya kira Muntaka ya ce ya zo da kekensa, ya kuma aro akurki babba ko kwanduna masu murfi. Da alama Sa'adiyya ta riga ta gaya wa Muntaka, domin ya ce to Baba, a wannan karon da wata murya daban.

Da ya iso ya durƙusa tun daga bakin zaure ya fara ba da haƙuri, yana cewa wallahi ba shi ya kawo maganar ba. Malam Arzika ya katse shi, ya ce ya ajiye wayarsa ya matso ya ga yadda ake yi. Ya zura hannu ya kamo ta farko, wata fara mai tsoro, ya haɗe ƙafafunta a tsakanin yatsunsa, ya buɗe fiffike ɗaya. Ya ce ɗaya kawai ake figewa, in ta yunƙura sai ta karkace ta sauka. Ana kama gashin kusa da gindi, a ja shi ta inda ya nufa, da sauri, ba a murɗawa. Ya ja, tsuntsuwar ta zabura a hannunsa, ya ja na biyu. Ya ce almakashi na ɗinki ne, a bar wa Sa'adiyya kayanta. Muntaka ya miƙa hannu zai taya shi, ya ce a'a, shi dai ya riƙe murfin kwando.

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana gaya wa Muntaka wacce ce matar wane, don kada a raba su a tukwane. Gashi ya taru a gabansa, fari da toka da baƙi, iska tana jan wasu zuwa gindin dabino. Akwai wata da take kwanci, sai da ya ɗaga ta daga kan ƙwai biyu tana saran hannunsa. Muntaka ya tambaya ko a sa ƙwan a hula a tafi da su. Tsohon ya ce ba za ta hau su a wani wuri ba, a bar su. Ya taɓa su da bayan yatsa, da ɗuminsu, ya janye hannunsa.

Darakta ne na ƙarshe. Shi bai gudu ba, da kansa ya tako ya hau hannun yana neman dawa. Malam Arzika ya riƙe shi ya daɗe, yana jin bugun ƙirjinsa a tafin hannu. Zuciyarsa ta ce ya bar wannan ɗaya da fiffikensa, ba wanda zai sani. Ranar da aka buɗe masa a Fagoji zai tashi ya zagaya duwatsu ya sauka a kan dabinon nan, ko ba komai wani abu nasa ya dawo gida. Ya so hakan ƙwarai. Amma zai dawo ne ya tarar da kasko a bushe da ƙofa a kulle, kuma saboda taurin kansa ba zai koma ba, nan zai zauna yana jira. Tsohon ya buɗe fiffiken ya yi bisimilla ya ja. A gashi na uku ɗan jini ya fito, ya danne wurin da yatsa har ya tsaya, sannan ya ƙarasa.

Suka ɗora kwandunan a keke, da durom ɗin dawa da sabon kaskon da gwangwanin. Muntaka ya tsaya yana murza makullin kekensa, idonsa ya yi ja.

"Baba, in Allah ya dawo da kai lafiya, ai sai mu mayar da su."

"Ka riƙa jefa musu kanwa," in ji Malam Arzika. "Kaɗan."

Bayan keken ya tafi ya share gashin ya zuba a bola, ya shiga ɗaki ya haɗa kayansa. Bai ɗauki lokaci ba. Ya sa takardun fansho a ƙasa, ya ninke bargon ya ɗora a sama.

Wajen azahar Raihana ta iso da motar mijinta. Ta shigo ta durƙusa ta gaishe shi, idonta a ƙasa kamar kullum. Da ta miƙe za ta ɗauki jakar sai ta lura da shirun gidan, ta dubi kan dabino, ta dubi ɗakin tattabarun da ƙofarsa take a buɗe. Ta kai jakar mota ta dawo ta tsaya a gefe, ya ja ƙofar gidan ya kulle da kansa, ya jijjiga kwaɗon ya tabbatar ya kama. Sannan ya zura hannu a aljihu ya ciro ɗaya makullin, sabon da aka yanka, ya haɗa su biyun ya miƙa mata.

Ta karɓa da hannu biyu, ta ce a hankali, "Baba, ɗayan ba na Muntaka ba ne?"

"Riƙe duka," in ji shi. "Babu abin da zai zo yi."